A bar wa sufana hanya a silin jirgi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tanka wa wani rubutu da ya fito a shafinku na sana'o'in hannu kwanakin baya, wanda ya yi bayanin yadda ake sabunta silin ɗakin tsohon jirgin ruwa mai filafili, wato irin wanda iska ke turawa. Marubucin ya ce aikin bai wuce na kwana biyu ba: a yage tsohuwar leda, a goge wurin, a shafa gam, a manna sabuwa mai soso a baya, shi ke nan. Ban ce ya yi ƙarya ba, don ni ma haka na yi, kuma a kwana biyun na gama. Abin da ya biyo baya ne bai faɗa ba, ni kuwa a kaina ya ƙare.

Kafinta ne ni, shekara talatin da ɗoriya ina aikin kujeru da kabad da silin gidaje, saboda haka da na sayi jirgin nan na ɗauka silinsa wasan yara ne. Tsawonsa mita takwas, an ƙera shi a 1978, jikinsa na faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaro ya daskare. Irin waɗannan jirage sun fara yawaita ne daga ƙarshen shekarun 1950. Ana yawan ba da misali da Pearson Triton, zanen Carl Alberg, wanda aka baje a kasuwar nunin jirage ta New York a 1959, ya nuna wa maƙera cewa za a iya zuba jirgi a mazubi kamar bulo, a fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Zubin yana fitar da waje sumul, amma ciki kaushi gare shi kamar bayan kada: zare-zare, tudu da kwari, ga notuna cirko-cirko ko'ina. Dole a rufe, kuma a masana'anta babu abin da ya kai leda mai soso da gam sauri.

Abin da na kasa ganewa da farko shi ne silin jirgi da na gida suna kawai suka haɗa. A gida akwai sarari tsakanin silin da kwano, in ta kama kafinta ya shiga da rarrafe ya duba. A jirgi babu wannan. Abin da kake kallo in ka kwanta rigingine shi ne ƙasan doron da mutane ke takawa a waje, kuma duk abin da aka kafa a kan doron nan ya huda ya ɓullo ciki: mariƙan hannu, maɗauran igiya, winci mai jan igiyar filafili, dogon layin ƙarfen da ƙugiyar igiya ke gudu a kansa, gindin jigon da ke ɗauke da filafilin. Daga baya na zauna na ƙirga na nawa jirgin, noti 64. Kowane noti huda ne, ga shi kuma jirgi ba ya zama shiru. Iska na ja, igiya na fizga, rana ta gasa doron ya buɗe, dare ya yi ya tsuke. Shekara arba'in ana wannan, wane abin toshe huda ne zai jure?

Ranar da na fara shiga ɗakin, ledar ta saki daga tsakiya ta yi tumbi, tana shafar kaina kamar tsohon gidan sauro. Na sa yatsa na ɗan ja gefe, sai wani gari ruwan ƙasa ya zubo mini a fuska, mai danƙo, in ka taka ya liƙe a takalmi, in ka goge da riga ya zauna daram. Soson ne ya mutu. Na foliyuretan ne, sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937, ɗan'uwan wanda muke sa wa kujeru. Laima da zafi suna cinsa a hankali har ya koma gari, ɗakin jirgi kuwa gidan laima ne. Gam ɗin bai saki ba, yana nan riƙe da rabin soson a sama, leda na riƙe da ɗaya rabin a ƙasa, tsakiyar ce ta rabu. Shi ya sa masu fesa sabon gam ta ƙarƙashin tsohuwar leda suke wahalar banza, gari suke manna wa gari.

Na yage, na kankare iya abin da ya kankaru, na sayo sabuwar leda fara mai soso, na shafa gam irin wanda ake shafa wa ɓangarori biyu a bari ya sha iska kafin a haɗa. A nan ma akwai abin da marubucinku ya tsallake, kuma na fi ganin laifinsa a kansa fiye da komai. Tururin gam ɗin nan ya fi iska nauyi. A shago ƙofa a buɗe take, yana malalewa waje. Jirgi kuwa kwano ne, tururin ba shi da mafita sai ya gangara ya kwanta a ramin ƙasa, wurin da batir da famfon lantarki da injin suke. Ƙyastu ɗaya ya isa. Ni Allah ya kiyaye ni daga wuta, amma wajen la'asar na rana ta farko na tsinci kaina zaune a kan matakala ina kallon buroshin da ke hannuna, na kasa tuna abin da zan yi da shi. Ɗana ne ya leƙo ta ƙofar sama ya ce, "Baba, fito ka sha iska, idonka ya yi ja." Duk mai wannan aiki ya cire kan batir tukuna, ya buɗe kowace ƙofa da taga, ya sa takunkumin fuska mai matatar gawayi na tururin sinadari. Ɗan ƙyallen nan na tare ƙura ba ya tare komai a nan.

Aikin dai ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Fari tas, babu ko lanƙwasa, duk notunan na bi na lulluɓe su, sai ɗan tudu-tudu da ba ya damun ido. Maiɗakina ta shigo ta ce kamar sabon jirgi. Wata goma sha huɗu ina alfahari da shi.

Sai wata safiya na ga ɗan tabo ruwan ƙasa a saman gadon hagu, bai fi tafin hannun yaro ba. Na goge, bayan mako ya dawo ya ƙara faɗi. Akwai wani dattijo da jirginsa ke ɗaure kusa da nawa, ya ƙare rayuwarsa a gyaran jirage, ba ya yawan magana. Na kira shi ya duba. Tabon ma bai tsaya kallonsa ba, ya ce, "Malam kafinta, miƙo mini sukurudirebanka." Ya hau doro, ya juya ta, ya riƙa ƙwanƙwasa da ƙotar yana tafiya a tsugune. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sauti mai kaifi kamar ana buga faranti. Da ya iso gindin mariƙin hannu, taku uku daga inda tabon yake, sai sautin ya koma dum, dum, kamar ana buga jiƙaƙƙen kwali.

Na ce, "Baba, ai ba a nan tabon yake ba."

Ya ce, "Ruwa ba ya ɗiga inda ya shiga. Kai ka rufe masa ƙofa, shi kuma ya nemi taga."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a wurin ya ɗan yi tsalle, na ga doron ya lotsa ya dawo. A ranar na san yadda aka gina abin da na shekara ina takawa. Doron irin waɗannan jirage hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, a tsakiya katakon balsa mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Balsa katako ne marar nauyi ainun, akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake samo shi, ana yanka shi ƙananan murabba'ai a jera su jijiyarsu a tsaye. Dabara ce mai kyau, tana ba doro ƙarfi ba tare da nauyi ba, muddin balsan a bushe yake. In ruwa ya samu shiga ta gefen noti, yakan jiƙa shi ya ruɓar da shi, hawa biyun na faiba su rabu da juna, doro ya zama katifa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa bangona a tsage yake tun kafin in saya, na zo na yi masa kwalliya. Da tsohuwar ledar nan mai tumbi ce, da ɗigon ya faɗo mini a ka tun watan farko na farga. Sabon soson da na manna shi ya riƙa shanye ruwan kamar audugar ciwo, yana ɓoye mini, har ruɓar ta ci wuri mai faɗin tabarmar yaro.

Da hannuna na sa wuƙa na yanka ledar da nake alfahari da ita. Babu wata hanyar kaiwa ga notin.

Gyaran doron shi ya ci mafi yawan lokacin, kuma shi ya kamata a fara da shi tun asali. Inda ya ruɓe na yanke faiban ƙasa daga ciki, na kwashe baƙin balsan da cokalin magini, na bar wurin ya bushe makonni, na manna sabo da efoksi, wani gam mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsa shi, na mayar da faiba. Sauran hudojin kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda dattijon ya nuna mini. A cire ƙarfen. In ƙusar da notin ke ɗaure mai kaurin milimita 6 ce, a faɗaɗa hudar zuwa 12. A lanƙwasa kan wata ƙusa a ɗaura ta a injin huda, a zura, ta ƙwaƙule balsan da ke kewaye. A toshe ƙasa da tef, a cika ramin da efoksi mai kauri, in ya daskare a sake huda milimita 6 a tsakiyarsa. Yanzu ƙusar tana ratsa zoben efoksi ne, ko ruwa ya bi ta ba zai taɓa katako ba, ɗigowa zai yi ciki, inda ake so a gan shi. Sai a ɗan fafe bakin hudar ta sama, a naɗa wa wuyan ƙusar tef ɗin butil, wani roba mai danƙo da ba ya bushewa, a sa farantin ƙarfe ta ƙasa a madadin ƙaramin washa, a ɗaure. Ɗaurin aikin mutum biyu ne, don ba a so ƙusar ta juya ta murje butil ɗin. Ɗana yana sama riƙe da kanta da sukurudireba, ni ina ƙasa da sufana, muna magana ta cikin doro kamar fursunoni biyu. "Baba, ka gama?" "Riƙe dai, saura kaɗan." Sau 64. Butil kuma yana ci gaba da matsewa, sai an koma an ƙara ɗaurewa bayan kwana biyu, wani lokaci har sau uku. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum cewa notin jirgi ba abin binnewa ba ne.

Akwai ruwa na biyu da ba daga sama yake zuwa ba, shi ne gumin da ɗakin kansa ke yi. Iska mai ɗumi tana ɗauke da laima, in ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke ta, kamar raɓar da ke kwanciya a jikin kofin ruwan sanyi. In zafin ɗaki digiri 20 ne, laimar iska kuma kashi 80 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya kai digiri 16 zai jiƙe. Doron jirgi a daren da sama ta washe yana sauka ƙasa da haka ba wuya, ƙusoshin ƙarfe da suka ratso daga waje kuwa su ne kan gaba, kowace da ɗigonta a baki. Laimar kuma mu muke kawo ta: numfashin masu barci, jiƙaƙƙun tufafi, da murhu. Kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana sakin ruwa sama da kilo ɗaya da rabi a cikin iska. Mutane da yawa sun tayar da ƙarafan doronsu suna neman yoyon da babu shi. Rarrabewar ba ta da wuya in silin a buɗe yake. Gumi yana zuwa da asuba ko da ba a yi ruwa ba, yana bazuwa ko'ina bai ɗaya. Yoyo kuwa yana bin ruwan sama ko feshin igiyar ruwa, yana da hanya guda, in ka ja layi da alli a ƙasan doron za ka ga inda ya ratsa ya share shi, ka bi sawunsa zuwa sama. Mun yi ta gwadawa da tiyo, yaron yana zuba ruwa wuri-wuri daga ƙasa zuwa sama, ni ina ciki da tocila.

Sai da doron ya wuce gwajin tiyo sau biyu sannan na koma kan silin. Wannan karon na kankare tsohon gam har ƙasa da buroshin waya a injin huda. Aiki ne na azaba, hannu a sama, wuya a karye, ƙurar faiba tana shiga ko'ina tana ƙaiƙayi kwana uku. A sa riga mai dogon hannu da tabarau, a yi wanka da ruwan sanyi, don na zafi yana ƙara ƙaiƙayin. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, wanda ya yi ya sani.

Daga nan na manna siraran katako, batin, a ƙasan doron, masu kaurin milimita 12 da faɗin 40, daga gefe zuwa gefe, tsakaninsu kimanin santimita 40. Doron jirgi a gantsare yake don ruwa ya gangara, batin kuwa miƙaƙƙe ne, sai na tsattsaga bayansa da zarto rabi-rabi har ya yarda ya lanƙwasa. Da efoksi mai kauri na manna su, na tokare kowane da sanduna daga ƙasa har ya kwana. Ɗakin ya koma kamar kurmi, sai da rarrafe ake wucewa. Ban sa ƙusa ko ɗaya cikin doron ba, tunda na gama wahalar toshe hudoji ba zan buɗe sababbi ba. Tsakanin batin da batin na manna soso mai rufaffun ƙwayoyi, milimita 10, irin wanda ba ya shan ruwa, kamar wanda ake naɗa wa bututun na'urar sanyaya ɗaki. Amfaninsa ya hana iskar ɗaki taɓa faiba mai sanyi, saboda haka sai ya kwanta lif babu rata, in ba haka ba gumin zai taru a bayansa. Amma kewayen kowane noti na yanke masa da'ira na bar shi a fili.

Sai faifan da ido zai gani. Filawud na ruwa na yi amfani da shi, milimita 4, na itacen okume da ake samu daga Gabon, mai tambarin BS 1088, ƙa'idar Ingila ta filawud ɗin jirgi. Kada mutum ya yaudari kansa, okume ba ya jure ruɓa da kansa, gam ɗin da ke tsakanin hawa-hawansa ne ba ya saki a ruwa. Dole a shafe gaba da baya, musamman bakin yanka, inda yake shan ruwa kamar raƙumi. Na yi masa efoksi hannu biyu ta baya da gefuna, ta gaba farin fenti marar ƙyalli sosai, don mai ƙyalli yana tona duk wani ɗan tudu. A ɗakin jirgi babu kusurwa madaidaiciya ko ɗaya, tef da sukwaya ba su da amfani. Siraran yankan kwali na riƙa jerawa a bakin kowane wuri ina haɗa su da gam mai zafi har su ba da siffar, in sauke in ɗora a kan filawud in zana. Wani abu kuma da kafinta ya sani amma yakan manta: filawud yana lanƙwasa ta fuska ɗaya, ba ya yarda da biyu a lokaci guda. Wajen goshin ɗakin, inda doron ya gantsare ya kuma gangara gaba, na fasa faifai biyu kafin in haƙura in raba wurin gida uku. Gaba ɗaya faifai 11 suka fito, babu wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya sauke ya fitar ta ƙofa. Na bar 'yar rata ta milimita 3 a gefuna don iska ta zaga ta baya, mahaɗan kuma na rufe su da siraran katako da na shafa wa banish. Su ne suke riƙe da faifan, da sukurori na ƙarfe marar tsatsa, lamba 316.

Kan sukurorin nan ne na yi abin kunyar da har yau ɗana yake tsokanata da shi. Lissafin a fili yake, a milimita: marufin mahaɗa 6, faifai 4, batin 12, jimla 22, saboda haka sukuru kada ya wuce 20. Ɗaya mai tsawon 40 ya ɓuya a cikin gwangwanin, na ɗauka ban duba ba, na danna da inji. Na ji ya yi tauri, maimakon in tsaya sai na ƙara ƙarfi. Daga sama na ji, "Baba, wani abu ya tsiro a nan!" Garin gyaran gira na rasa ido: huda ta 65, da hannuna, a doron da na shafe wata biyu ina toshewa. Tun daga ranar nake naɗa tef a bakin abin huda daidai zurfin da nake so, sukurori kuma in zube su a faranti in auna su tukuna.

Tunda silin a buɗe yake na sabunta wayoyin fitilu. Tsofaffin da na tarar an binne su a cikin gam, jan ƙarfensu ya yi baƙi ya bushe, in ka lanƙwasa ya karye. Na sa waya mai silli-silli da aka yi wa rufin kuza, wadda ba ta saurin cin tsatsa a iskar gishiri, na bi gefen batin da ita ina ɗaurewa. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin ƙananan jirage, ta ce kada tsakanin maɗauri da maɗauri ya wuce inci 18, wato kimanin santimita 45. Tsofaffin ƙwayayen wat 10 na musanya da na LED, batir ya huta, zafin da ke gasa silin ma ya tafi. Na bar zare guda a kwance daga allon lantarki zuwa gindin jigo, don ranar da za a ja sabuwar waya. Saman murhu kuwa ban sa soso ko filawud tsirara ba, farantin ƙarfe na sa da rata a bayansa.

Abin da na rasa a wannan tsari shi ne tsayi, kimanin santimita biyu, kuma a jirgi mai mita takwas ba ƙaramin abu ba ne, dogon mutum zai ji a ƙeyarsa. Akwai nauyi ma, wanda jirgin iska ba ya so a sama, shi ya sa ban bi shawarar masu cewa in jera katako mai kauri irin na harshe da tsagi ba, duk da na san ya fi kyau a ido. Wanda ba zai iya ba da santimita biyun nan ba, ni a ganina ya kankare, ya cike ramuka, ya yi fenti a kan faiban kai tsaye, notuna a fili. Zai yi gumi da sanyi, ba zai burge baƙo ba, amma ba zai taɓa yi wa mai shi ƙarya ba. Wasu kuma suna liƙa faifan da Velcro, abin nan mai kamawa kamar ƙarangiya, wanda George de Mestral ɗan Suwizalan ya ƙirƙiro bayan ya lura da yadda ƙayar ciyawa ke maƙale wa karensa a 1941. Yana ɓoye kan sukuru, silin ya fito sumul. Na gwada a faifai ɗaya, ƙarangiyar ta riƙe, amma gam ɗin bayanta ya saki da rana ta gasa doron, faifan ya faɗo kan gado. In za a yi, a haɗa masa da ƙusar sitefula a jikin batin. Ita kanta ledar ban ce haramun ba ce. Har yanzu akwai ta a jirgina, a cikin kabad da gefen gadon gaba, wuraren da babu noti ko ɗaya a bayanta. Mai son laushinta a silin ma yana iya naɗa ta a jikin faifan, ya ɗaura faifan da sukuru, ranar da soson ya mutu a sauke a sake a kan tebur, a tsaye, ba a kwance ana shan gari ba.

Watan jiya, bayan wata iska mai ƙarfi da ta same mu a hanya, na ga ɗigo a bakin faifai na huɗu ta dama. Na kwance sukurori takwas, na sauke shi na jingine a kan gado, na haska tocila. Notin winci ne guda ɗaya ya ɗan saki, ga sawun ruwan nan yana sheƙi daga gindinsa. Yaron ya hau sama da sukurudireba, na ba shi rabin juyi da sufana, muka zuba tiyo, shiru. Kafin dattijon maƙwabcina ya gama naɗe igiyarsa na mayar da faifan. Ya leƙo ya ce, "Har ka rufe?" Na ce, "Na rufe, Baba." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da naɗinsa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka miƙa wa marubucin nan gaisuwata, ka kuma tambayar mini shi noti nawa ne a bayan ledar da ya manna, kuma ta ina yake shirin kai musu sufana.

Naka,
Wani kafinta mai tsohon jirgi